Azumin Makarantar Shiru

Azumin bana ya faɗo a bakin zafi. Jiya bayan azahar ina kishingiɗe a zaure, wuta ta ɗauke, ina fifita da murfin kwali, sai jikata ta shigo tana kumbure-kumbure, wai ƙawarta ta yi mata abin da ba za ta manta ba. Na buɗe baki zan ce mata sai haƙuri, sai na kama kaina. Na matsa mata gefen tabarma, na ce ta zauna ta faɗa min. Tana magana ina jin ta, amma rabin hankalina ya tafi Sharaɗa, wajen wani azumi da ya fi wannan zafi, shekara kusan arba'in da suka wuce, wanda a cikinsa aka koya min rufe bakina.

Kuma ba ƙaramin aiki aka yi ba. Ni Isiyaku tun ina yaro an san ni da surutu, har abokan aiki suka laƙaba min Rediyo. A lokacin ina malamin asibiti a wata masaƙa da ke Challawa. Asibitin ɗaki ɗaya ne, benci biyu da kabad ɗin magani, rufin kwano babu silin. Wanda inji ya yanka in ɗaure masa, wanda ƙurar auduga ta shaƙe in ba shi na tari, kuma kowa sai ya fita da nasihata ko bai tambaya ba. Gidana yana Panshekara, ni da matata da Inna mahaifiyata, wadda na ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar babanmu.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Sukari da madara da sabulu sai an bi layi, layin ma sai ka san wani a gaba. Kamfanoni sun fara rage ma'aikata. Ranar Juma'a akan liƙa takardar waɗanda aka sallama a bakin get, mutane su yi cincirindo suna neman sunansu, wanda bai iya karatu ba ya riƙe hannun wanda ya iya. A cikin wannan hali azumi ya kama, ruwa kuma ya ƙi sauka. Da sahur ɗumamen tuwo ne da miyar kuka, sai ka ɗirki ruwan randa har cikinka ya yi ƙara in ka motsa. Kafin hantsi ya gama dubawa duk ya bi zufa. Da rana kwalta takan yi laushi a ƙarƙashin tayar keke, warin majemu ya taso daga kwatoci ya zauna maka a maƙogwaro, ga shi babu halin ka kora shi da ruwa. Cikin masaƙa kuwa ba a magana. Masu aiki kan jiƙa tsumma su ɗora a ka, kafin inji ya zagaya sau nawa ya bushe. Da magariba kunun tsamiya ne babu sukari, da ƙosai biyar-biyar, in an yi sa'a mai gadin kanti ya sam mana ɓallin ƙanƙara mu raba gida uku. Yanzu jikokina in ruwan firij bai daskare ba sai su ce an shiga uku, ni dai dariya nake yi.

To a cikin wannan zafin ne nake taka keke kowace Alhamis daga Challawa zuwa Sharaɗa, don in je makaranta.

Mai makarantar Dakta Bulus ne, mutumin Filato, likitan da wasu kamfanoni suka haɗu suka ɗauka yana zagaya asibitocinsu. Siriri ne, mai tabarau, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi mai barci. Ya yi karatu a Turai, amma ba na fiɗa ba, na ciwon da ba ya fitowa a hoton ƙirji. Shi ya tara mu, mu shida masu aiki a ƙananan asibitocin Sharaɗa da Challawa da Bompai, ya ce zai riƙa yi mana semina. Ya kan kawo takardu da aka gurza a inji, tawadar tana kama yatsa, mu karanta shafi biyu mu yi awa ɗaya muna gardama a kai. Abin da takardun ke cewa, in na taƙaita, shi ne: abin da zuciya ta binne ba ya mutuwa. In baki ya ƙi faɗarsa, sai ya fito a mafarki, ko a suɓutar baki, ko ya sami wata gaɓa a jiki ya zauna. Aikin mai magani shi ne ya saurara har maganar ta sami hanya.

Bayan karatu sai a zo kan aiki. Kowa zai zaɓi mara lafiya ɗaya, ya riƙa zama da shi rabin awa, in ya tafi ya rubuta duk abin da aka ce, kalma da kalma, ya zo ya karanta mana ba tare da suna ba. Littafin ya ce a kwantar da mutum a doguwar kujera, likita ya zauna ta bayan kansa. Mu da benci muke da shi, kuma wane magidanci ne zai miƙe ƙafa a gaban yaro sa'an ɗansa? Dakta da kansa ya yi dariya ya ce a bar kujerar. Amma akwai doka ɗaya da bai yarda a taɓa ba.

"Kada wanda ya ce wa mutum sai haƙuri," in ji shi, "sai ya gama maganarsa. Kalma ce mai kyau, ni ma da ita aka raine ni. Amma in ta zo da wuri, sallama ce."

Direbobin kamfani da ke ganinmu ta taga mun yi jugum suka sa wa wurin suna Makarantar Shiru. Suka ce in har Rediyo ya ci jarrabawa a nan, to a ba Dakta lambar yabo.

Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Shi ba ya azumi, amma duk watan ban taɓa ganin ya kai ruwa baki a gabanmu ba. Leɓensa kan bushe kamar namu. Sista Rifkatu, wata nas 'yar kudancin Kaduna da ke zuwa daga Bompai, ita ma ta bi sahu, sai dai ita tana yi tana mita, wai mun sa ta azumin da ba lada.

Wanda na zaɓa shi ne Malam Sule, wani masaƙi daga wajen Gumel, dattijo mai kimanin shekara hamsin, mai furfura a gemu. Tun kafin azumi da wata biyu hannunsa na dama ya dunƙule, yatsun suka ƙi buɗewa. Dakta ya duba, babu karaya, babu kumburi, jijiya lafiya. Waɗanda suke ɗaki ɗaya da shi suka ce in yana barci hannun a buɗe yake. Da wannan magana ta kai kunnen manaja, sai ya ce ai ƙarya yake, lalaci ne. Ya aiko min da saƙo cewa kafin Salla yana son takarda: ko Malam Sule ya koma kan inji, ko sunansa ya hau takardar bakin get. Mutum tara ne ke ci daga hannun nan a ƙauye.

"Ba ƙarya yake ba," Dakta ya ce min. "Hannun yana riƙe da wani abu. Ka zauna da shi."

Na zauna da shi. Da ba azumi ba ne, da na ba shi ƙwaya da kofin ruwa na huta, to ga shi babu halin ko ɗaya. Sai mu yi zaune, shi a benci ni a kujera, kwano yana ƙara a kanmu saboda rana. Zai yi maganar tsadar gero, ya yi ta rashin ruwa, ya yi shiru. Ni kuwa shiru ƙaiƙayi yake min, sai in cike shi da labarin wani da na sani wanda hannunsa ya warke da man shanu. Yakan dube ni kawai, kallo mai tsawo, har in tsargu.

Alhamis ta biyu a cikin azumi aka zo kaina. Na buɗe littafina na karanta da ƙarfi, ina jin kaina. Na zo wurin da na rubuta: "Ya ce wani yaro ya rasu a garinsu. Na ce Allah ya jiƙansa, sai haƙuri. Ya ce haka ne. Ya tashi ya tafi."

Dakta ya ɗaga hannu. "Wane yaro?"

"Wani yaro ne dai, Dakta. Ai sanƙarau ya yi ɓarna bana a ƙauyuka."

"Yaushe ka fara zama da shi?"

"Sati biyu ke nan."

"Sati biyu yana lallaɓowa, ya iso wajen yaron nan, ka ba shi takalmansa."

Sista Rifkatu ta fashe da dariya. "Ai Isiyaku ko gawa aka kawo masa sai ya ba ta shawara kafin a rufe."

Kowa ya dara, har da ni, amma kunya ta kama ni har kunnena ya yi zafi. Dakta ya jira aka lafa, sannan ya tambaye ni da wane suna Malam Sule yake kirana. Na ce malamin asibiti. Ya ce sauran ma'aikata fa? Na ce Isiyaku, marasa kunyar cikinsu su ce Rediyo. Ya ce ko sau ɗaya bai taɓa kiran sunanka ba? Na yi tunani, na ce ko sau ɗaya.

Nan Dakta ya gyara zama, don an zo inda yake so. Ya buɗe takardun ya nuna mana inda aka ce mara lafiya yakan ɗauki mai yi masa magani ya ajiye shi a gurbin wani na gidansu, ba tare da ya sani ba, kuma yawanci gurbin uba ne. Ya ce ga shi nan ƙarara, mutumin yana ganin ubansa a jikina, shi ya sa ba ya iya kama sunana.

"Haba Dakta," in ji Sista, "mutumin nan fa ya haifi Isiyaku."

"Zuciya ba ta lissafin shekaru," ya ce.

Na gyaɗa kai, na rubuta uba da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙasa. Na tako keke zuwa gida ina jin kaina uban dattijo.

Da aka kira magariba muna tsakar gida a kan tabarma. Na sha ruwa, na kai kunu baki, sai na ji Inna tana ce wa matata, "Ki ƙara wa yaron nan, yau ya sha rana."

Ludayin ya tsaya a hannuna. Yaron nan. Ni ne ɗanta na fari, kuma a shekarata ashirin da bakwai ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ni kaɗai ba, duk wani Isiyaku na duniya ya haramta gare ta. Akwai wani mai sayar da itace a layinmu mai sunana, ita mai sunan wancan take ce masa. Abin da na tashi a cikinsa ke nan, na saba da shi kamar yadda na saba da ƙofar ɗakina, shi ya sa da ya zo ya zauna a gabana a kan benci ban gan shi ba.

Na ce, "Inna, in da ni ne na mutu, yaya za ki gaya wa mutane?"

"A'uzubillahi! Rufe min baki, ana shan ruwa kana kira mana mutuwa."

"Don Allah, Inna. Aiki ne ya sa na tambaya."

Ta juya ƙosai a kwano. Can ta ce, "Sai in ce wani yaro ya rasu a gidanmu. Me kuma zan ce?"

"Za ki yi kuka?"

"A gaban mutane? A ce ba ni da kunya?" Ta juya fuskarta wajen bango, ta ce wa matata hayaƙin murhun nan ya dame ta, alhali an daɗe da kashe wuta.

Ranar Litinin Malam Sule ya zo bayan azahar. Hadari ya haɗu a gabas tun safe, iska ta tsaya cak, rigata ta manne a bayana. Muka gaisa, ya zauna, ya ɗora dunƙulallen hannun a cinya. Na ce a raina yau ko zan mutu ba zan yi magana ba. Na ƙirga ƙusoshin rufi, na dawo na sake ƙirgawa. Na ji ƙarar injuna daga nesa, na ji ƙuda yana bin taga. Da na ga ya kai inda yakan tashi, sai na yi tambaya ɗaya.

"Malam, yaron da kuka ce ya rasu, na gidanku ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gidanmu ne."

"Shi ne babba?"

Ya gyaɗa kai. Na ja bakina na rufe.

Maganar ta fito a gutsure, yana yi yana kallon ƙasa. Yaron shekararsa ashirin. Bayan kaka ya biyo motar gyaɗa ya zo Kano, wai a samo masa aiki a masaƙa. Malam Sule ya ga ana ta sallamar mutane, ya ce ya koma gida ya jira damina. Yaron ya roƙa, ya ce ko dako ne zai yi. A tasha ya tsaya a bakin mota ya ƙi hawa, sai uban ya sa hannu a bayansa ya tura shi ciki. Da zafi ya shigo, sanƙarau ya ɗauke shi a kwana biyu. Kafin saƙo ya iso an riga an rufe shi. Ya je ya zauna kwana uku ana gaisuwa, kowa ya zo ya ce sai haƙuri, shi kuma ya ce ai na mutane ne, don ba a ganin hawayen uba a kan ɗan fari. Ya dawo ya hau inji. Bayan kwana biyar hannun ya rufe.

"Tun da aka haife shi ban taɓa riƙe shi ba," ya ce. "Ranar suna ma gona na tafi. Taɓawar da na yi masa ke nan guda ɗaya, ta tasha."

Wallahi sai haƙuri ta taso min tun daga ciki har ta iso bakin haƙora. Na haɗiye ta. Da haɗiye magana yana karya azumi, da na ranar nan sai na rama.

"Ranar da aka fara kawo ni ɗakin nan," ya ci gaba, "na ji wani ya ƙwala maka kira daga waje. Na ce ashe akwai mai sunan a nan." Ya ɗago ya dube ni, irin kallon nan da ke sa ni tsarguwa. "Malamin asibiti, in roƙe ka wani abu?"

"Ku faɗa, Malam."

"In na kira, ka amsa min."

Ya buɗe baki sau biyu babu abin da ya fito. A na uku muryar ta fito a shaƙe, kamar ta wanda bai taɓa magana ba.

"Isiyaku."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin wannan ba, kuma ban sake gani ba. Na tashi na tura ƙofa don kada wani ya leƙo, na dawo na zauna kusa da shi a bencin, ban ce komai ba. Ni ma nawa hawayen suna zuba, ban share ba. Hadarin nan kuwa ya yi ta rugugi har la'asar, ya watse ko ɗigo bai sauke ba.

Ba zan ce hannun ya buɗe a ranar ba, don ba haka aka yi ba. Yatsa biyu ne suka fara saki bayan kwana uku. Ya ci gaba da zuwa, yanzu shi ke magana ni ina ji: yadda yaron ya iya kama fara, yadda yake cin tuwo da hagu aka yi ta fama da shi.

Alhamis na karanta musu komai. Da na zo wajen "Na'am, Baba," sai Sista Rifkatu, mai bakin nan, ta sa gefen ɗankwalinta a ido. Dakta ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Littafi ya ce kada ka amsa," in ji shi. "Ya ce ka tsaya a matsayinka, ka nuna masa kai ba wancan ba ne." Ya mai da tabarau. "Amma mai littafin bai taɓa shan kunu a Panshekara ba."

Ya jawo littafina, ya soke uban da na ja wa layi biyu, ya rubuta ɗa a samansa da hannunsa. Ya ce shi ya yi kuskure, kuma mako mai zuwa ni zan yi musu semina a kan kunyar ɗan fari, in yi magana iya son raina. Sista ta ce to ita ranar tana da uzuri. Ta zo, kuma ita ta fi kowa tambaya.

Dakta ya rubuta wa manaja cewa hannun yana warkewa, a ba shi mako biyu. Manaja ya karɓa bai ce e ba bai ce a'a ba. Ruwan farko ya sauka ana saura kwana huɗu Salla, da hantsi, har ma'aikata suka fito suka tsaya a cikinsa da bakinsu a rufe gam don kada ɗigo ya shiga. Ƙamshin ƙasa ya danne warin majemu na yini guda.

Juma'ar ƙarshe aka liƙa takarda a bakin get. Ina tsaye a bayan taro sai na ji an kama min wuyan hannu. Malam Sule ne, bai iya karatu ba. Muka kutsa har gaba. Na bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa, akwai waɗanda na sani da yawa, na sake bi daga ƙasa zuwa sama don in tabbata.

"Babu ku, Malam."

Bai sake ni ba. Riƙon yana ta ƙara ƙarfi har na ji zafi, na duba ƙasa don in ce ya sassauta. Da hannun dama yake riƙe da ni, yatsu biyar duka.

"Sannu da aiki, malamin asibiti," ya ce.

Mun yi shekara shida tare bayan nan, bai sake kiran sunana ba, ni ma ban nema ba. Inna ma har ta koma ga Allah ba ta kira ba. Amma tun daga azumin nan, duk sanda ta ce a ƙara wa yaron nan kunu, na san abin da take cewa.